Ƙudan Soja: Baƙon Da Ya Yi Kama Da Zanzaro

Lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, wanda ya ruɓe akan zuba shi kan juji ko gefen garka. Bayan sati biyu ko uku, in an tone wurin da hauya, wani lokaci akan tarar da wata irin tsutsa mai faɗi, mai kaurin fata, launinta kamar na ƙasa. Ta fi tsutsar ƙudan gida girma nesa ba kusa ba. Mutane da yawa in sun gan ta sai ƙyama ta kama su. Wani ya zuba mata toka mai zafi, wani ya nemo maganin ƙwari ya fesa mata. Kaji kuwa ba su jiran shawarar kowa. Da sun hango ta sai su rugo a guje.

A wannan magana kaji sun fi mai su gaskiya. Tsutsar nan ɗiyar wani ƙuda ce da ake ce ma baƙin ƙudan soja. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya bin tuwo ko nono cikin ɗaki. Tsutsarshi tana cinye shara ta bar taki, ita kanta kuma abinci ce mai gina jikin kaji da zabi da kifi. A ƙasashe da yawa yanzu kiwon ta ake yi, ana sayar da ita da kilo.

Sai dai ba kowace tsutsa ba ce ta ƙudan soja, kuma ba kowane baƙin ƙwaro ba ne shi. Wanda bai san shi ba, ko dai ya kashe abin da zai amfane shi, ko kuma ya tara ƙudan gida a ƙofar ɗakinshi yana tsammanin kiwo yake yi. Don haka ya kamata manomi da makiyayi su san danginshi, su san siffar jikinshi, su san ƙasar da ya fito da irin wurin da yake so.

Su wane ne danginshi?

Makiyayi ya san akuya da tunkiya dangi ne. Duka suna tuƙa, duka kofatonsu a rabe yake. Amma bunsuru ba ya ba tunkiya ɗa. Kowace iri ce daban, ko da yake gidansu bai yi nisa da juna ba. Raƙumi ya fi nisa da su, jaki kuma ya fi raƙumi nisa. To, haka masana suke jera ƙwari: babbar ƙabila, cikinta zuri'a, cikin zuri'a gidaje, cikin kowane gida iri-iri.

Babbar ƙabilar ƙudaje ita ce ta masu fiffike biyu. Wannan ita ce alamarsu ta farko. Fara fiffikenta huɗu. Zanzaro da rina huɗu. Ƙudan zuma ma, duk da Bahaushe ya kira shi ƙuda, fiffikenshi huɗu ne, saboda haka a wurin masana shi ɗan'uwan zanzaro ne da tururuwa. Ƙuda na gaskiya fiffike biyu gare shi tak. A bayan kowane fiffike akwai wani ɗan abu kamar guntun tsinken ashana mai kai. Shi ke daidaita ƙuda cikin iska, ya hana shi kifewa in ya yi kwana.

Masana sun rubuta sunan ƙwari fiye da iri 150,000 cikin wannan ƙabila. Da yawansu an san su a karkara, kuma ba da alheri ba. Akwai sauro mai kawo zazzaɓi. Akwai ƙudan tsando mai sa ma shanu sammore. Akwai bobuwa mai cizon doki da raƙumi har jini ya fito. Akwai ƙudan da ke zuba tsutsa cikin hancin tumaki, da wanda ke huda mangwaro tun yana bisa icce. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda na bakin kogi mai kawo makanta, cutar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairu na 2025 cewa Nijar ta rabu da ita, ƙasa ta farko a Afirka. Shi wannan ɗan mitsitsi ne kuma yana cizo. Baƙin launi kawai ya haɗa shi da ƙudan soja, kada a gama su.

Da irin waɗannan dangi, ba abin mamaki ba ne in mutum ya tsani duk abin da ake kira ƙuda. Amma cikin ƙabilar akwai zuri'a guda da masana ke kira Stratiomyidae. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta ƙudan soja. An san fiye da iri 2,600 cikinta, an kasa su gidaje fiye da 370. Babu ko ɗaya daga cikinsu mai shan jinin mutum ko na dabba.

Me ya kawo sunan soja? Wasunsu baƙaƙe ne masu ratsin rawaya ko tsanwa, kamar kayan sarki. Wasu kuma suna da ƴan ƙayoyi biyu ko fiye a bayan ƙirji, kamar sun rataya makami, har Jamusawa na ce musu ƙudaje masu makami. Abin dariya, shi baƙin ƙudan soja da ya fi su suna duka, ba ya da ratsin, ba ya da ƙayar. Soja ne marar bindiga.

Masana kan ba kowane iri suna biyu, na gida tukuna, sannan na yanka. Sunan wannan ƙuda Hermetia illucens. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara rubuta shi a 1758, amma sai ya sa shi gida ɗaya da ƙudan gida. A 1804 wani Bafaranshe mai suna Latreille ya fitar da gidan Hermetia daban. Amfanin wannan suna shi ne ko'ina cikin duniya ɗaya ne. Ma'aikacin gidan gona na Maradi da na ƙasar Keniya in sun faɗe shi, sun san ƙwaro ɗaya suke nufi.

Sauran zuri'ar kowa da sana'arshi. Wasu tsutsarsu cikin ruwa take zama, a tabki ko gefen gulbi. Takan juya kai ƙasa, ta ɗaga wutsiya bisa ruwa, ta sha iska ta wata ƴar kafa da gashi ya kewaye. Wasu ƙarƙashin ɓawon mataccen icce suke girma, wasu cikin ruɓaɓɓen ganye ko ɗiyan itace. Manyansu akan gan su bisa fure ko ganye suna shan rana. Afirka na da nata na asali, ciki har da ƴan ƙanana masu walƙiyar tsanwa da wasu masu launin rawaya. Kowace zuri'a kuma ba ta rasa ɓata-gari: a Ostareliya akwai iri guda da tsutsarshi ke tsotsar saiwar rake, tana ja ma manoma hasara. Wannan ba ya cikin Afirka.

Yadda za a gane shi

Wanda ya fara ganin baƙin ƙudan soja bisa ganye, zai rantse zanzaro ne. Tsawonshi santimetir ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ya ninka ƙudan gida sau biyu ko fiye. Siriri ne, baƙi, wani lokaci da ɗan shuɗi in rana ta haska shi. In ya tashi yana da ƙugi mai ƙarfi. Duk wannan kama kariya ce gare shi. Tsuntsun da zanzaro ya taɓa harbi ba ya son sake gwadawa, sai ya bar shi ya wuce. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Jikinshi kashi uku ne kamar na sauran ƙwari: kai, ƙirji da ciki.

A kai akwai manyan idanu biyu da sunka kusa cinye fuskar. Tsakaninsu akwai ƙaho biyu dogaye, baƙaƙe, da yake miƙawa gaba. Ba ƙahon tunkuyi ba ne, da su yake shinshinar wari, da su macen ke gano inda abu ke ruɓewa. Wannan ƙaho alama ce babba, domin na ƙudan gida gajere ne ƙwarai, da ƙyar ake ganin shi. Bakinshi kuwa mai laushi ne kamar soso. Ba ya iya huda fata, ba ya iya tauna. Iyakarshi ya lashi ruwa ko zaƙin fure.

A ƙirji ƙafafu shida suke da fiffike biyu. Ƙafafun baƙaƙe ne, amma ƙarshensu fari-fari, kamar ya taka gari. Fiffiken launin hayaƙi ne. In ya sauka sai ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, ya shimfiɗa su a bayanshi su rufe ciki. Ƙudan gida kuwa yakan bar nashi a ɗan buɗe.

A ciki ne babbar alamar take. Zanzaro ƙugunshi siriri ne kamar zare, shi ya sa in mutum ya cusa riga cikin wando ya ɗaure, kamar yadda soja ke yi, akan ce ya yi zanzaro. Ƙudan soja ba ya da wannan ƙugu. Cikinshi a manne yake da ƙirji, da faɗinshi. To, sai Allah ya yi mishi dabara. A farkon cikin, dab da ƙirji, akwai tabo biyu garai-garai kamar tagar gilashi, haske na ratsa su. Daga nesa ba a ganin wurin, sai baƙin layin da ke tsakaninsu, sai a ɗauka siririn ƙugu ne. Zanzaron nashi na ƙarya ne. Daga waɗannan tagogi sunan illucens ya fito, kalmar Latin ce mai nufin haskakawa. Duk wanda ya kama ƙwaron, ya ɗaga fiffiken ya duba wajen rana, zai gan su.

Kama shi ba wuya. Malalaci ne wajen tashi, yakan daɗe zaune bisa ganye ko bango, har yaro na iya ɗaukar shi da hannu. Macen takan fito da wani ɗan tsinke a ƙarshen ciki. Ba ƙari ba ne, bututun zuba ƙwai ne. Sai dai a yi hankali: kafin a kai hannu a tabbata an ga fararen ƙafafu da fiffiken da anka ɗora ɗaya bisa ɗaya, don zanzaro na gaskiya ba ya wasa.

Bahaushe ya ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Wannan karin magana ba ta kama ƙudan soja ba. Duk cin da zai yi a duniya ya yi shi tun yana tsutsa. In ya zama ƙuda, kitsen da ya tara shi yake ƙonawa, kwanakinshi kuma kaɗan ne, kamar biyar zuwa takwas, in ya samu ruwa ko zaƙi ya ɗan ƙara. Aikinshi guda ne, haihuwa. Shi ya sa ba a ganin shi yana yawo daga masai zuwa ƙwaryar fura kamar ƙudan gida, kuma shi ya sa ba a lissafa shi cikin ƙwarin da ke yaɗa cuta.

Daga ƙwai zuwa ƙuda

Mazan kan taru bisa ganye wurin da rana ke bugawa. In mace ta gifta sai namiji ya tashi ya tare ta cikin iska. Sai da hasken rana sosai suke barbara. Cikin ɗaki mai duhu ba su yi, abin da ya daɗe yana ba masu kiwon su wahala a ƙasashen sanyi.

Bayan kwana biyu macen ta nemi wurin da abu ke ruɓewa. A nan ma halinta daban ne. Ƙudan gida bisa ƙazantar yake zuba ƙwai. Ita kuwa sai ta nemi busasshen tsagi kusa da wurin, tsagin icce ko na bango ko ramukan kwali, ta cusa ƙwanta a dunƙule. Ƙwai 500 ko fiye take zubawa, kowane bai wuce milimetir ɗaya ba, launinshi kamar na man shanu. Daga nan ba ta daɗewa sai ta mutu. Bayan kamar kwana huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴan tsutsotsi kamar ƙura su faɗa cikin abincin.

Tsutsar ita ce ma'aikaciya. Dare da rana ci take yi. Ba ta son haske, in an buɗe ta sai ta nutse ƙasa. Tana saɓa sau da yawa tana girma, mataki shida take bi. In abinci ya wadata kuma zafi ya yi daidai, cikin sati biyu zuwa uku ta kai santimetir biyu ko biyu da rabi. In abinci ya yi ƙaranci ko an yi sanyi, ba ta mutuwa nan da nan. Takan yi haƙuri, ta kai wata da watanni tana jira.

Akwai tsutsa iri uku da ake samu cikin juji, kuma ya kamata a rarrabe su. Ta ƙudan gida fara ce sul, mai laushi, mai tsini wajen kai, ba ta wuce santimetir ɗaya da kaɗan ba. Gwazarma ƙatuwa ce, fara, a lanƙwashe kamar lauje, tana da ƙafafu shida kusa da kai, kuma ita ɗiyar wani buzuzu ce, ba ruwanta da ƙuda. Ta ƙudan soja ba ta da ƙafa ko ɗaya. A ɗan baje take, ba mulmulalla ba. Tana da ɗan ƙaramin kai mai tauri da ake gani sarai, jikinta gaɓa-gaɓa 11, kowace gaɓa da ƴan gashi tsaitsaye. In an taɓa ta, fatar da kaushi kamar ƙirgi, domin akwai alli cikinta, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwan kaza. Tana ƙarama launin madara gare ta, tana girma tana komawa ƙasa-ƙasa.

Inda tsutsar ƙudan soja ta yi yawa, ta ƙudan gida ba ta jin daɗi. Tana cinye abincin, tana motsa shi ba hutawa, ƙudan gida kuma ya rage zuba ƙwai a wurin. An lura da haka a Amurka tun 1959 ƙarƙashin akurkin kaji, kuma gwaje-gwajen da anka yi daga baya sun ƙara nuna shi. Ke nan wanda ya fesa ma jujinshi magani ya kashe ta, ya share ma ƙudan gida fili ne, domin shi ƙudan gida cikin kwana bakwai zuwa goma yake kammala girma lokacin zafi, ya riga kowa dawowa.

In ta gama girma sai ta daina ci. Ta zubar da abin da ke cikinta, ta yi baƙi, bakinta ya koma ƙugiya. Sai ta bar danshi ta kama tafiya, tana neman busasshen wuri mai duhu. Tana iya hawa gangare in bai miƙe ƙwarai ba. Can za ta sandare cikin tsohuwar fatarta kamar matacciya. Bayan kamar sati biyu fatar ta tsage wajen kai, sabon ƙuda ya fito. Daga ƙwai zuwa ƙwai, in komi ya yi daidai, kamar kwana 40 zuwa 45 ne.

Daga ina ya zo?

Baƙin ƙudan soja ba ɗan Afirka ba ne. Asalinshi nahiyar Amurka, wajen ƙasashenta masu zafi da ruwan sama. Yaya anka sani? Hanya ɗaya ita ce duba inda dangi sunka fi yawa. Gidan Hermetia na da iri fiye da 70, kuma mafi yawansu a Amurka ta tsakiya da ta kudu suke. In an ga mutum shi kaɗai a wani gari, an kuma ga ƴan'uwanshi cike da wani garin, an san inda ya baro. Binciken da anka buga a 2021, wanda ya gwada ƙwayoyin gado na ƙudajen da anka tattaro daga ƙasashe da yawa, shi ma can ya nuna. Zuri'ar ƙudan soja gaba ɗaya ma can ta fi yawa: fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk irin da anka sani, a wannan yanki suke. Ko'ina cikin duniya, ƙasashen kurmi masu laima sun fi ƙasashen fari yawan iri.

Baƙunci ba aibi ba ne. Gyaɗar da ta yi ma Maradi da Damagaram suna, daga Amurka ta kudu ta fito. Masara da rogo da tumatir da tattasai da dankali su ma daga nahiyar Amurka sunka fito. Dogon yaro da ke ba da inuwa a kowane gari, daga wajen Indiya anka kawo shi. Bambancin kawai, su an ɗauko su da niyya, shi kuwa ƙudan soja satar hanya ya yi. Jiragen ruwa na ɗaukar kayan marmari da hatsi, wani ya ruɓe a hanya, tsutsa na ciki. Da yake tana da haƙurin yunwa, sai ta kai gaci da ranta.

An kama shi a Afirka ta Kudu a 1915. A Turai an fara rubuta shi a tsibirin Malta a 1926. A shekarun 1940, zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da jiragen soja ke kai da kawowa da kayan abinci, sai ga shi a tsibiran tekun Pasifik da kudu maso gabashin Asiya. Yau ana samun shi a kusan duk ƙasashe masu zafi da masu matsakaicin sanyi, daga kudancin Turai har ƙarshen Afirka, har da Afirka ta yamma.

Abu biyu ke yi mishi iyaka, sanyi da fari. Ga ƙasar Sahel, fari da tsananin zafi su ne magana. Ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi na tsakanin digiri 27 da 30. Wani gwaji da anka yi a Amurka a 2009 ya nuna cewa a digiri 36, kusan duka tsutsotsin ba su kai ga zama ƙuda ba. To, a watan Afrilu da Mayu zafin Nijar kan wuce digiri 40 ko cikin inuwa. Iskar hunturu kuma na busar da ƙwan kafin ya ƙyanƙyashe. Saboda haka ba a tsakiyar daji ko bisa tudun rairayi za a neme shi ba. Wurinshi garka mai itatuwa, fadama, gindin mangwaro, bayan kasuwar kayan miya, kusa da rijiya, duk inda inuwa da laima da ruɓaɓɓen abu sunka haɗu. Lokacin damana ya fi samuwa.

Abin da manomi zai samu

Mai kiwon zabi ya san wahalar satin farko. Ƴan tsaki na buƙatar abinci mai gina jiki, shi ya sa tun kaka da kakanni ake fasa suri a kawo musu gara. Amma suri na ƙara nisa da gari, tunkuza da garin kifi kuma sai da kuɗi. Tsutsar ƙudan soja in an busar da ita, kamar kashi 40 cikin 100 na nauyinta abin gina jiki ne, kamar kashi 30 kuma mai ne. Ga allin da ke fatarta, wanda kaza mai ƙwai ke buƙata.

Hukumomi sun daɗe da lura da haka. A 2017 ƙasar Keniya ta fitar da ƙa'idar sa busassun ƙwari cikin abincin dabbobi, bayan aikin wata cibiyar binciken ƙwari mai suna icipe da ke Nairobi. Tarayyar Turai ta yarda a ba kifin kiwo garin ƙwari a 2017, ta ƙara da kaji a 2021. An yi gwaje-gwaje a Gana da Benin da Burkina Faso. A Nijar ma masu bincike na INRAN sun shiga aikin.

Wanda ke son gwadawa ba ya buƙatar sayen komi. Tsohuwar tukunya ko kwano mai huji a gindi ya isa. A zuba ruɓaɓɓen mangwaro, ko kankana, ko kabewa, ko sauran tuwo, a gama da ɗan dusa. Danshin ya zama kamar na dusar da anka jiƙa ma rago: in an matsa cikin hannu ta dunƙule, amma ruwa bai tsiyaya ba. A ajiye cikin inuwa mai kauri. A rufe don ruwan sama da kaji, amma a bar kafar da ƙuda zai shiga. Bisa abincin, ba cikinshi ba, a rataya guntayen kwali mai ramuka ko ƴan itace busassu da anka ɗaure tare, don macen ta samu tsagin zuba ƙwai.

Kwanakin farko ƙudan gida ne zai zo. Kada wannan ya karya ma mutum gwiwa, kuma kada ya ajiye tukunyar kusa da ɗakin kwana ko madafa. In akwai ƙudan soja a yankin, warin tsami zai kira shi, ko da ya ɗauki sati biyu ko uku. In an ga dunƙulen ƙwai cikin ramukan kwali, aiki ya kama. In wata guda ya wuce babu komi sai farar tsutsa mai tsini, a ba kaji ita, a sake gwadawa in ruwa ya sauka ko a wani wuri mai laima. Tururuwa da ƙadangare su ne ɓarayin wannan kiwo. Akan ɗora tukunyar bisa duwatsu cikin faranti mai ruwa, ko a kewaye ta da toka.

Dusa tana da kuɗi, kuma rago na jiran ta. Ba dabara ba ce a hana ma rago a ba tsutsa. Ribar tana ga abin da babu mai ci: ruɓaɓɓen kayan garka, sharar kasuwa, sauran abinci, kashin kaji. Busasshen kara da itace ba ta iya cin su. Kashin shanu tana ci, amma ba ta ƙiba da shi sosai.

Akwai abin da ba a zuba mata. Tsohon batir, gwangwanin maganin ƙwari, baƙin man mota, duk a nisanta su, domin tsutsar na tara wasu dafi cikin jikinta, daga nan su wuce cikin kaza, su wuce cikin mai cin kazar. Kashin mutum da mushe ma ba su shiga tukunyar da za a ciyar da kaji daga gare ta. Wadda anka kiwata da kashin dabba, a zuba ta cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, a shanya ta bushe ƙarau kafin a ba tsaki. Busasshiya tana ajiyuwa. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu in ya gama.

Tsutsa ƙari ce bisa abincin kaji. Ba ta maye hatsi da dusa, kuma in ta yi yawa kitse kan yi ma kaza yawa. Tarwaɗa da sauran kifin kiwo na cin ta. Shanu da tumaki da awaki kuwa masu cin ciyawa ne, ba a ba su.

Abin da ya rage cikin tukunya baƙi-baƙi ne, marar wari sosai, taki ne mai kyau ga garka. A bar shi ya huce sati biyu ko uku kafin a sa ma ƙananan shuka, don sabo yana iya ƙona su.

In tsutsa ta fara baƙi, a jingina ɗan katako ko fasasshen kasko cikin tukunyar, a kwance-kwance, bakinshi ya leƙa waje bisa wani kwano mai busasshen rairayi. Da kansu za su hau su faɗa ciki. Kada a ba kaji duka. A ware kamar kashi ɗaya cikin goma, a ajiye su cikin rairayin a inuwa, a rufe da abin da iska ke shiga, a bar ƴar kafa ta fita. Su ne za su zama ƙudajen da za su dawo su zuba sabon ƙwai cikin kwalin. Wanda kuma ya kama ƙwaro yana shakkar ko shi ne, ya sa shi cikin kwalba tare da tsutsa biyu ko uku, ya kai ma ma'aikacin gidan gona ko na gidan dabbobi ranar kasuwa.